Abin Da Ya Kashe Hanyar Mashaya

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu Baduku na bakin Hanyar Mashaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ’ya ga ubanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, Ya yalwata maka makwanci. Baba, ni ce ’yarka ta fari. Na san ba mu saba doguwar magana ba ni da kai, ko da kana raye ba mu yi ba. Ka yi haƙuri da ni yau, don abin da ke bakina yana da ɗan tsawo.

Ka bar duniya da tambaya guda: me ka yi wa mutanen garin nan da suka daina bi ta ƙofar gidanka? Na ji ka yi ta da kunnena. Na san amsar tun a lokacin. Yanzu ga ni na tsufa, na ma wuce shekarun da ka yi a duniya, shi ne na ce bari in zauna in ba ka labarin tun daga tushe, a inda ’ya’ya da jikoki su ma za su gani.

Makon jiya na je ta’aziyya Bagama. Da za mu dawo na ce wa mai napep ya bi da ni ta Hanyar Mashaya. Bai taɓa jin sunan ba. Na yi ta kwatance, da tsohon mangwaro, da gangaren da ke sauka rafi, sai can ya ce, “Au, Hajiya, lungun bola kike nufi? Ai ba ya ɓullewa.” Na ja mayafi na rufe rabin fuskata kamar ni na zuba sharar, har muka iso gida ban ƙara ɗaga kai ba.

In ka tambayi mutanen yanzu, ’yan kaɗan ɗin da suka san da ita, za su ce maka zuwan babban birni ne ya kashe ta. Wai da aka shimfiɗa kwalta aka yi gada, sai kowa ya koma can. Maganar tana da daɗin faɗi, don ba ta taɓa kowa ba. Amma ni ina nan aka yi komai. Tun kafin a fara zancen babban birni, tun garin nan yana amsa sunan Abuja shi kaɗai, Hanyar Mashaya ta riga ta kwanta ciwo. Kwalta a kwance ta zo ta same ta.

Ka tuna yadda take sa’ad da nake ƙarama. Daga bakin kasuwa ta taso, ta ratso unguwa, ta wuce ta ƙofarmu, ta gangara rafin Iku inda shanu ke shan ruwa, ta haye zuwa ƙauyukan Gwari. Tun da asuba muke jin motsinta daga cikin ɗaki. Matan Gwari da lodin doya da itace da tukwane a kafaɗa, sun ɗan karkata wuya, ko haki ba sa yi. Fulani da ƙoren nono. Masu jakai, masu keke, ’yan makaranta da ƙafafu fururu.

Kai kuma kana kan dakali ƙarƙashin mangwaro, fata a cinya, basilla a hannu, ga randar ruwa a gefe da moɗa a kanta don duk mai jin ƙishi. Ba wanda ya isa ya wuce ka da sallama kawai. Sai ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka tambayi akuyar da ta yi ɗingishi tun bara. Matan Gwari kana yi musu Gwarancinka na kame-kame, suna dariya har kayan na neman zamewa. Mutum ya kawo ɗinkin takalmi na ɗan lokaci, sai rana ta take yana nan zaune. Inna takan ce kai ba dukanci ne sana’arka ba, hira ce, ɗinkin dai abin riƙewa ne a hannu.

Duk ƙarshen damina kai ke kiran gayyar gyaran hanya. Ba wanda ya naɗa ka, kawai dai gidanmu ne a wuyan gangare, inda ruwa ke fara ɓarna. Sai ka aika gida-gida, samari su fito da fartanya da diga da kwando, a cike inda ruwa ya ci, a jera duwatsu, a yashe lambatu. Mu muna ciki muna dama kunu. Kana tsaye da rigarka a saɓe, kana nuna inda za a sa dutse, kana zolayar wanda ya cika tsayawa gyaran wando.

Allah Ya ba ka ’ya’ya mata shida, ba namiji ko ɗaya. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ka ce: ba ka son a kai maka ’ya inda ba za ka jiyo kukan jikanka ba. Mu ma ba mu ƙi ba, samarin unguwa ai mun san su sun san mu. Haka biyar daga cikinmu muka yi aure a nan cikin unguwa, Auta ce kaɗai aka kai ƙauyen Wuse. Kana ganin ka tara iyalinka kusa da kai. Ba wanda ya hango abin da hakan zai jawo, har da ni.

Daga kaina aka fara. Gidan Malam, mijina, Allah Ya jiƙansa, yana can ƙasa da namu, kuma shagon ɗinkinsa yana kasuwa. Ke nan dole ya bi ta gabanka safe da yamma. Ka san abin da hakan ke nufi: ya sauka daga keke tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa ciki-ciki, kai ma ka kawar da fuska ka amsa kamar da mangwaron kake magana. Kafin aure a kan dakalinka yake wuni, shi ne ma ya fi kowa yi maka musu. Bayan ɗaurin aure sai ya zama in ya hango inuwarka gumi ya karyo masa.

Bai yi mako yana wannan ba ya nemo wa kansa dabara. Ya ɗauki sabon kekensa a kafaɗa, ya ratsa ta cikin garkar rogon da ke bayan gidaje, ya ɓulla kasuwa ta can. Katon mutum da keke a wuya yana tsallake kunyoyin rogo, wando duk ƙaya. Da labari ya zo maka ka yi dariya har da hawaye, ka ce yaron nan an yi masa tarbiyya. Daɗi ka ji, Baba. Kai ma an ce haka ka yi wa baban Inna, shekara da shekaru kana zagayawa ta bayan masallaci.

To, daga nan ne akwai abin da ba ka iya gani daga kan dakalinka, ni kuwa ina ganinsa daga ƙofar ɗakina, don katangarmu a bakin garkar take.

Malam ba shi kaɗai ne ya zama surukinka ba. Ƙannensa ma sun ce ai baban matar yayansu ne, ba za su wuce ka da takalmi a ƙafa ba. Abokansa da suka yi rakiyar ango suka ce su ma ai surukinsu ne. Mahaifinsa, wanda kuka tashi tare kuna tsokanar juna tun kuna yara, shi ma ya fara jin nauyinka. Duk suka bi sawun keken nan. Da aka aurar da ƙanwata Hajara aka ƙara wani dangin, aka aurar da mai bi mata Ladi aka ƙara wani. Kafin a canja kuɗi daga fam zuwa naira, in ka ɗauki unguwarmu gida-gida, da wuya ka sami namiji mai jini a jika wanda ba surukinka ba ne, ko ƙanen suruki, ko abokin suruki. Mai garkar ya gaji da faɗa, ya ja shingensa baya ya bar musu wuri. Mutane suka sa wa wurin suna Lungun Surukai, ana faɗa ana dariya.

Sana’arka ma ta nan ta tafi. Wa zai cire takalminsa ya miƙa wa surukinsa ya ce ɗinke mini? Malam ya gwammace ya yi ta jan tsinkakken takalmi har kasuwa, ya ba wani baduku can wanda ɗinkinsa ko rabin naka bai kai ba. Ya dawo gida yana mita wai ɗinkin bai yi ba, ni kuma in ce masa ai ka san inda mai yi yake. Sai ya ce, “Ke ma dai da wata magana.”

Sauran kuwa ba kunya ce ta ɗauke su ba, ƙafa suka bi. ’Yan talla inda maza suke bi nan suke bi. Matan Gwari inda za a tare su a sayi doya tun kafin su kai kasuwa nan za su nufa. Mai nono ta bi mai doya. Yara suka ga lungun ya fi kusa da makaranta. Ba wanda ya zauna ya ce a ƙaurace wa Malam Audu. Kowa ya tashi da safe ya ga inda ciyawa ta kwanta, ya sa ƙafarsa a nan.

Na surukai ka sani, ba ka taɓa riƙe su da shi ba. Na sauran ne ya ɗaure maka kai. Randar da a da ake cika ta sau da yawa a wuni, ta koma sai Inna ta zubar da ruwan jiya ta zuba sabo. In na zo gida ina hango ka daga zaure. Ka ji motsi ka ɗaga kai da murmushinka a shirye, sai ka ga tunkiya ce.

Sai shekarar da ba ka kira gayya ba. Inna ta ce ka zauna kana lissafin gidajen da za ka aika, duk gidan da ka ambata sai ka tarar akwai ’yarka a ciki ko a maƙwabta. Ka ce ba za ka sa suruki aiki da bakinka ba, kada a ce don ka ba shi ’ya ne kake neman ya biya da guminsa. Su kuma can suna jiran aike. Na ga Malam ya wasa fartanya ya jingine. Da suka ji shiru, suka ce ƙila Baba yana da dalilinsa, in suka zo ba a kira su ba kamar sun ce ya gaza ne. Kowa yana kare mutuncin kowa, damina ta wuce, wata ta zo.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wanda ya biyo baya. Da ƙarfinsu ya rasa wurin zuwa, sai suka yi gayyar a Lungun Surukai. Suka faɗaɗa shi, suka zuba marmara, suka haƙa masa lambatu mai kyau don kada ruwa ya kwanta. Ni na dama musu kunun, da hannuna. Ba wanda ya tsaya ya duba inda bakin lambatun ya nufa, don dubawar sai an zagayo ta gabanka. Ashe a kan Hanyar Mashaya yake juye ruwansa, daidai saman gangare. Ka san ruwan garin nan, in ya sauko daga duwatsu ba ya sallama. Damina ɗaya ya tsaga hanyar biyu. Ta biyu ya yi rami wanda jaki ba ya iya hayewa.

Sai ka fito kai kaɗai da kwando da tsohuwar fartanya. Ka tuɓe riga, kana ɗauko dutse ɗaya-ɗaya daga bakin rafi kana jefawa a ramin. Wallahi, Baba, sun gan ka. Malam ya shigo gida ranar ya kasa cin tuwo. Amma ganinka ba riga, a duƙe, shi ya ƙara ɗaure su, don a wurinsu suruki ya tsaya a kanka a wannan hali ya fi rashin taimakon muni. Zaratan maza, kowa da ƙirji kamar faifai, suna leƙe ta kan katanga suna komawa.

Dabarar da suka yi ita ta ƙarasa ɓata lamarin. Suka ɗauko leburori daga tasha, suka tura su, suka ce kada su kuskura su faɗi wanda ya aiko su. Ka tambaye su, suka ce an hana su faɗa. Ka ce to su koma, ba ka karɓar alheri daga wanda ba ya son ka ga fuskarsa. Daga ranar ka tabbatar wa kanka cewa akwai abin da ka yi, mutane suna tausayinka amma ba sa son haɗa ido da kai.

Ka tuna Sande, ɗan ƙabilar Ibo da ya dawo bayan yaƙin basasa ka ba shi hayar ɗakin zaure, mai sayar da kayan keke? Shi kaɗai ya rage maka abokin hira. Shi ba ruwansa, ya zauna a dakalinka ya miƙe ƙafa da takalminsa, ya sha ruwan randarka, ya yi maka gardama a kan labarin rediyo. Ran nan ya tare ni a zaure da Hausarsa ta tsaye ya ce, “Me ya sa mijinki ba ya zuwa wurin Baba? Sun yi faɗa ne? A garinmu suruki shi ne ɗa.” Na ce masa girmamawa ce. Ya dube ni ya girgiza kai. Na shige ciki ina jin haushinsa, wai baƙo zai koya mana zama da iyaye. Yau in na tuna kallon nan sai in ji kamar in nutse.

Na kai wa Malam maganar. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya ce subhanallahi, Baba yana zaton fushi ake da shi? Ya sayi goro, ya sa babbar riga, ya ce yau zai je ya warware komai. Ya je kuwa. Ya tsugunna can nesa, ya ce ina wuni, ka ce lafiya. Ya ce ina gajiya, ka ce babu. Ya tura goron da yaro, ka sa albarka, ya tashi ya dawo yana share gumi. Na ce ka faɗa masa? Ya ce ai ya gane. Ba ka gane komai ba, Baba. Abin da ka gani shi ne mutumin da a da yake wuni a wurinka, yanzu ko zama ba ya iya yi.

Ni kuwa fa? Ni ’yar fari ce. Ba ka taɓa kiran sunana ba, sai dai ka ce wa Inna, “Ki ce wa waccan ta kawo ruwa.” In na shigo ka tashi, in ka shigo na fita. Haka aka raine mu, kuma ban taɓa ɗaukarsa rashin so ba, don na san takalmin da ya fi kowane kyau a gidan nan nawa ne, sai dai in wayi gari in gan shi a bakin ƙofa.

Wata la’asar na zo gida, ina zaune a bayan zana ina tsince wa Inna shinkafa, kana waje kai kaɗai. Sai na ji ka ce, ba da kowa ba, “Ni dai ban san abin da na yi wa mutanen garin nan ba.” Can ka sake cewa, “Da za a faɗa mini, da na ba da haƙuri.” Zana ce kawai a tsakaninmu. Ina jin numfashinka. Labarin nan duka da na ba ka yanzu yana bakina, daga keke har lambatu. Na buɗe baki, sai na ce a raina ina ni ina yi wa Baba bayani. Na ci gaba da tsince shinkafa.

Na tura Auta, tunda ita ko gemunka tana ja. Ta zo daga Wuse ta ce maka, Baba, kunyarka fa suke ji. Ka shafa kanta ka ce kunya ta mutum biyar ce ko goma, ba ta gari guda ba. Ita ba ta zauna a bakin lungun ba, ba ta ga yadda aka yi ɗaya ya ja ɗaya ba, ba ta da abin da za ta ƙara. Ka ɗauka lallashi ne irin na ’yar auta.

Sai ka fara abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Bayan sallar magariba ka miƙe a masallacin unguwa, dattijo da kai, ka ce duk wanda ka saɓa wa, da saninka ko ba da saninka ba, ya dubi Allah ya yafe maka. Malam ne ya ba ni labari. Sahun gaba da na baya duk surukanka ne da danginsu, kowa ya dasa ido a tabarma. Can aka ce, “Ba ka yi mana komai ba, Baba.” Abin da ake ce wa kowa ke nan, har wanda ya yi. Ka sake yi bayan wani lokaci, aka sake ba ka wannan amsar. Ka dawo gida ka ce wa Inna sun ƙi faɗa.

Ana cikin haka aka ce za a gina babban birnin ƙasa a kusa da mu. Gari ya cika da manyan motoci da baƙin fuska, masu awon ƙasa, magina, masu neman ɗakin haya. Aka yi kwalta, aka yi gada, shanu ma suka canja mashaya. Kowa ya sami abin faɗa: ai zamani ne. Baƙin da suka zo ba su san akwai wata hanya a nan ba, sun tarar da rami da ciyawa, suka fara zuba shara. Har sunan garin aka ɗauka aka kai can, mu aka ce mu zama Suleja. Ka ce wa Sande, kana dariyar da ba ta kai ciki ba, to gari ma an bar masa sunansa ya tafi, balle hanya.

A cikin daminar nan ka kwanta. Ba ka daɗe ba. Ka cika da asuba, ruwa ya kwana yana zuba, ramin ƙofar gida ya cika ya batse. Aka duba aka ga ba ta inda makara za ta fita, sai dai a fasa katangar baya a bi da kai ta Lungun Surukai. Wani ya kawo wannan shawarar. Inna tana cikin ɗaki, ta ɗaga murya yadda na waje za su ji, ta ce wallahi ba za a fitar da kai ta nan ba.

Ba wanda ya kira gayya, Baba. Ina zaune a tsakar gida sai na fara jin ƙarar diga. Na leƙa ta zaure. Ga Malam, ga mijin Hajara, ga mijin Ladi, ga ƙannensu da abokansu da ’ya’yan abokansu, riguna a tuɓe, laka har gwiwa. Sande yana cikinsu da kwanon sarki a ka. Wasu suka hau sama suka toshe bakin lambatun, suka juya ruwan ya bi ta wani gefe. Wasu suka yi layi daga bakin rafi suna miƙo duwatsu hannu da hannu. Matan Gwari da suka zo wucewa ta lungu suka ji abin da ya faru, suka sauke kayansu suka shiga ɗebo marmara. Ba mai magana da ƙarfi. Kafin rana ta take sun cike ramin, sun daddaɓe, hanya ta miƙe tun daga ƙofarmu har bakin kasuwa.

Malam ya tsaya a daidai dakalinka, ya dubi aikin, ya ce, “Ashe na safiya ɗaya ne.” Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Tun da na aure shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Mu mata ba ma rakiya, amma na ji fitarka. Ƙafafu, Baba, ƙafafu ba iyaka, irin waɗanda ka shekara da shekaru kana kasa kunne ka ji. Duk unguwa ta bi ta ƙofar gidanka ranar, da mutanen kasuwa, da na ƙauye, suna rige-rigen sa kafaɗa a makararka. Surukanka ne a gaba. Ranar ce suka fara kusantarka har suka taɓa ka.

Bayan sadakar arba’in Inna ta koma wurin Auta. Aka sa ’yan haya a gidan, daga baya aka sayar. Wani ya buɗe lambatun don ruwa yana shigar masa shago, damina ta zo ta kwashe aikin. Lungun Surukai yanzu kwalta ne, da shaguna hagu da dama, masu zuwa aiki Abuja suna tsayawa jiran mota a bakinsa tun duhun asuba. Ba wanda ya san dalilin sunan.

Don haka ga amsarka, Baba, ko da ta zo a makare. Ba ka zagi kowa ba, ba ka ci haƙƙin kowa ba, ba wanda ya taɓa kwana da fushinka a unguwar nan. Girmanka suka gani har suka kasa tsayawa a gabanka, sauran kuma suka bi bayansu ba da sanin komai ba. Ka roƙi gafarar mutanen da su ya kamata su roƙe ka. Ni kuma da na ga farkon abin da ƙarshensa, ina bayan zana da faifan shinkafa, na bar ka kana tambayar iska. A lokacin na ɗauka ladabi nake yi. Ina jin kunyarka yau fiye da yadda na ji a ranar, kuma wannan ba irin waccan ba ce. Ka yafe mini. Ka yafe wa Malam, ya rasu yana ambatonka.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a gidan da ba rabuwa. Allah Ya sa ka tarar da mutane da yawa a can masu tsayawa su gaisa. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya ba ni ikon zuwa in zauna kusa da kai in faɗa maka wannan da bakina. Amin.

Wassalam.

’Yarka ta fari,
daga Suleja.